Ruwa Tukuna, Duwatsu Daga Baya: Yadda Muka Tsara Hutun Bahar Maliya

Duk wanda ya jima yana fatauci tsakanin Kwatano, Legas da Lome ya san Masar ta fuska biyu: ƙasar saro abaya da jallabiya da takalma, da kuma ƙasar da ake kai mara lafiya in asibitin gida ya ɗaga hannu. Mutum zai je Alƙahira sau goma, ya haddace lungunan Ataba da Muski kamar na unguwarsu, ya san wane mai shago ne ke sassauta farashi bayan La'asar, amma in ka tambaye shi dalar Giza sai ya ce ai ya taɓa hango ta ta tagar mota. Bahar Maliya kuwa a wa'azi muke jin sunanta, ranar da malam ya zo kan ƙissar Annabi Musa da Fir'auna.

Alhali a gaɓar wannan tekun, wajen kilomita 460 kudu maso gabas da Alƙahira, akwai garin da Larabawa ke kira Gardaƙa, Turawa su ce Hurgada. Mutane daga Jamus, Rasha, Ingila da sauransu suna tara kuɗi shekara guda don su zo su nutsa cikin ruwansa su kalli duwatsun murjani da kifaye. Babban ɗana ne ya fara kawo mini maganar, shekararsa 19, yana shirin tafiya karatu. Ya ce, "Baba, kai da kake ba mu labarin yadda kuke nutso a Kwara kuna yara a Yawuri, ga inda ake nutso na gaske." Na ce masa na ji. Da na furta zancen a zaurenmu na 'yan kasuwa, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Alhaji, kuɗin kwantena guda za ka kai wa kifi?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na yi lissafi na ga yaron nan tun da aka haife shi bai taɓa samun kwana uku a jere da ni ba tare da wayata tana ruri a kan kaya ba, kuma in ya tafi jami'a shi ke nan, sai dai gaisuwa ta waya. Wannan lissafin ne ya rinjayi na kwantenar.

Mun duba wasu wuraren. Zanzibar na da murjani, tsibiran Maldib ma haka. Abin da ya sa Masar ta ci: jirgi kai tsaye daga Legas, awa biyar da ɗoriya, biza guda ta wadatar da teku da yawon gari, ba ka da fargabar abin da za a zuba maka a faranti, masallaci ko'ina, sannan ɗan ƙanena yana karatu a Azhar, ga tafinta a kyauta. Ga kuma abin da ba zan ɓoye muku ba, a dawowa ana iya cika jakunkuna da kaya a rage zafin kuɗin tikiti.

To abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne jerin tafiyar, wato me za a fara, me za a ƙare da shi. In aka bar ɗan kasuwa da tunaninsa zai ce a fara da Alƙahira, a gama sayayya, a ga dala, sannan a tafi teku a huta, ranar ƙarshe a yi nutso da safe a hau jirgin sama da yamma. Wannan tsarin yana iya kwantar da mutum a asibiti. Ga dalili. Iskar da ke cikin tukunyar da mai nutso ke goyawa iska ce irin wadda muke shaƙa, an dai matse ta ne. Kashi 78 cikin 100 na iskar nan wani sinadari ne da ake kira naitirojin, wanda jiki ba ya amfani da shi. A doron ƙasa yana shiga ya fita ba ruwanka da shi. A ƙarƙashin ruwa kuwa, duk mita 10 da ka sauka nauyin da ke danne ka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya, sai naitirojin ɗin ya riƙa narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso a hankali, ka kuma ba jiki lokaci, zai fita ta numfashi. In ka yi gaggawa, ko ka hau sama inda iska ba ta da nauyi, sai ya zama kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka ɓalle murfin. Kumfar nan in ta tsaya a gaɓa ciwo ne mai tsanani, in ta tsaya a laka ko ƙwaƙwalwa tana iya shanye rabin jiki.

Saboda haka ƙa'idar masana ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, awa 18 in an yi nutso da yawa ko an jera kwanaki ana yi, kuma yawancin malaman nutso za su ce maka ka cika awa 24 ka huta da lissafi. Hawa dutse ma haka yake. Masu zuwa Sharm El-Sheikh da Dahab sukan so su hau Dutsen Sina, wanda tsayinsa ya kai mita 2,285, kuma ana gargaɗinsu kada su fito daga ruwa su kama hanyar dutsen a daren. Da na fahimci wannan sai tsarin ya jera kansa: kwana 12, mu sauka Alƙahira mu kwana ɗaya, mu hau bas zuwa Hurgada, kwana biyar a ruwa, kwana ɗaya a busar da jiki, mu tsallaka hamada da mota zuwa Luksor mu yi kwana biyu, jirgin ƙasa na dare ya mayar da mu Alƙahira, mu ƙarasa sauran kwanakin a can. Kafin mu taka matakalar jirgin sama an yi kusan mako guda rabonmu da tukunyar iska.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kafin tashi na je wajen likita da takardar tambayoyin lafiya da makarantar nutson ta turo mini. Wanda ya haura shekara 45 kuma yana da hawan jini, ko yana shan taba, ko kitse ya yi yawa a jininsa, ba za su karɓe shi ba sai da sa hannun likita. Ni ina shan maganin hawan jini, sai da aka auna zuciyata ina tafiya a kan injin motsa jiki kafin a sa mini hannu. Mai asma da mai ciwon suga su ma sai likita ya duba su. Abin da ya fi shafar mu kuma shi ne sikila: wanda ke da cutar sikila ba a yarda ya yi nutso da tukunyar iska ba sam. Kada wani ya ɓoye wannan a takarda don kar yaro ya ji an ware shi, akwai kallo daga saman ruwa, zan zo kansa.

Sai iyo. Kafin a ba ka shaida dole ka yi ninƙayar mita 200 ba tsayawa, ka kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Iyon da na iya na Kwara ne, na shekara arba'in da suka wuce, kuma shekaruna ashirin da wani abu a Kwatano ban taɓa sa ƙafa a tekunta ba, don kowa ya san yadda igiyarta ke ɗauke mutane. Sai muka yi rajista a wurin wanka na wani otel, ni da yaron, sau biyu a mako bayan Asuba. Makon farko in na yi tsawon kwamin sau biyu sai na kama gefe ina haki kamar wanda ya tura mota. Kafin wata biyu jiki ya tuna.

Takardu ba su da wani dogon labari. Bizar a ofishin jakadancin Masar ake nema, kuma sharuɗɗan sun danganta da fasfon da kake riƙe da shi, suna kuma canzawa, don haka ka je da kanka da wuri. Katin allurar shawara dole ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ka riƙe katin banki mai aiki a waje, domin manyan wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti. Lokaci kuwa mun zaɓi Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, kasuwa ta yi sanyi, 'yan makaranta suna hutun Ista. Azumi da nutso ba sa haɗuwa, don ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar nan. Tsakiyar bazararsu, Yuli da Agusta, teku na da ɗumi amma Luksor na haura digiri 40. A Janairu da Fabrairu kuma ruwan yana sauka wajen digiri 21 ko 22, ga iska, ba na dattijo ba ne. Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne daidai.

Wurin zaɓen makarantar nutso ne na ajiye halin ciniki a gefe. A Hurgada kowane lungu akwai mai allo yana kiranka da farashin da ya karya na maƙwabcinsa. Kwas ɗin farko, wanda ake yi cikin kwana uku zuwa huɗu a ba ka shaidar sauka har mita 18, yakan kama tsakanin Yuro 300 zuwa 400 ga mutum ɗaya a wuraren kirki. Mai lissafi da sefa ya ninka da 656 ya ga abin da ya kama. In wani ya ce zai yi maka a rabin wannan, to wani abu ya rage, kuma abin da ya rage ɗin a bakinka za ka sa shi a ƙarƙashin ruwa. Tambayoyi huɗu na yi wa kowannensu ta waya: kuna da lasisin hukumar CDWS mai kula da harkar nutso a Masar? Ɗalibi nawa ke hannun malami ɗaya? Akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a jirgin? Ina ne asibiti mafi kusa mai ɗakin matsin iska? Wanda ya amsa ba inda-inda shi muka ɗauka, muka kuma sayi inshorar nutso daban, don ta tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar wannan. Ba tsoratarwa nake yi ba, amma teku teku ce. A Nuwamban 2024 wani jirgin masu nutso ya kife kusa da Marsa Alam aka rasa rayuka, a Maris na 2025 kuma wani jirgin kallon ƙarƙashin ruwa ya nutse a bakin Hurgada mutum shida suka mutu. Kifin shak ma ya kashe wani matashi a gaɓar garin a 2023, kodayake irin wannan ba kasafai yake faruwa ba in aka kwatanta da ɗimbin mutanen da ke shiga ruwan kullum. Ranar da matuƙin jirgi ya ce iska ta yi yawa ba za a fita ba, kada ka yi masa gardamar ai ka biya.

Masauki kuma Hajiya ce ta yanke hukunci. Da ta ga hotunan manyan otel-otel na bakin ruwa, giya a kan kowane tebur, mutane kusan tsirara, ta ce, "Alhaji, nan za ka kai mini 'ya?" Sai muka kama gida mai ɗaki biyu da kicin a Dahar, tsohon garin, inda 'yan ƙasa ke zaune. Ya fi araha nesa ba kusa ba, motar makarantar tana zuwa ɗaukarmu da safe. Da yamma mu je babban masallacin Mina da ke bakin tashar jiragen ruwa, mu biya kasuwar kifi da ke gefensa, a auna mana, a gasa mana nan take. Rigar iyo mai rufe jiki gaba ɗaya har da kai ana sayar da ita ko'ina, matan Masar da kansu ita suke sawa, kuma mun nemi a haɗa 'yarmu mai shekara 14 da malama mace aka samu. A jirgin ruwan ma matuƙan Musulmi ne, in Azahar ta yi sai su nuna maka alƙibla, wadda daga can take kudu maso gabas, tsallaken tekun.

Ranar farko karatu ne da gwaji a ruwa marar zurfi. Ana ɗaura maka ɗamarar dalma a ƙugu, don Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri kuma gishirin yana ɗaga mutum sama. Ana koya maka toshe hanci ka hura a hankali don kunne ya buɗe yayin sauka, shi ya sa mai mura ba ya nutso. Ana koya maka fitar da ruwa daga gilashin fuska kana ƙasa. Malaminmu, wani Bamasare mai haƙuri, ya dubi gashin bakina ya ce, "Ya Hajj, gemun ba ruwanmu da shi, amma ka rage na ƙarƙashin hanci, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga." Dokar da ya fi nanatawa ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, musamman kana tasowa, domin iskar da ke huhu tana kumbura in nauyin ruwa ya ragu. Wannan ya saɓa wa duk abin da muka koya a kogi, inda gwani shi ne wanda ya fi kowa daɗewa da numfashi ɗaya. Magana kuma da yatsu ake yi, abin ya tuna mini dillalan kara da ke ciniki cikin hannun riga. Sai dai a kula: ɗaga babban yatsa a can yana nufin mu tashi sama. In lafiya lau kake son cewa, sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Rana ta uku muka fita wajen tsibiran Giftun, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Babu kogin da ke zuba laka a Bahar Maliya, ruwan sama ma ba ya kirki, shi ya sa ruwan yake garau, kana iya hango abu daga nisan mita 20 ko 30. A Kwara in ka nutsa ko tafin hannunka ba ka gani, da lalube ake komai. Nan kuwa da muka sauka muka daidaita, sai ga bango a gefenmu kamar ganuwar gari, ya tashi daga yashi har kusa da saman ruwa, kuma duk wani taƙi nasa akwai mai rai a kai. Wasu murjanin kamar faifai, wasu kamar ƙahon barewa, wasu dunƙule kamar ƙwaƙwalwar sa a teburin mahauci, wasu masu laushi suna kaɗawa kamar geron da iska ke bi. Ƙananan kifaye ja-ja dubbai suna tsaye a gabansa, in ka matso su shige gaba ɗaya, in ka ja baya su fito. Akwai kifi mai baki irin na aku, kore da shuɗi, yana gatsar dutsen har kana jin ƙarar haƙoransa a ruwa. Abin da yake kasayarwa shi ne wani ɓangare na farin yashin da Turawa ke kwanciya a kai. Wani mai kamar maciji, kaurin cinyata, ya leƙo daga rami yana buɗe baki yana rufewa. Wanda na gane kai tsaye shi ne talibambam, ɗan'uwan namu na kogi, da kumburinsa da komai, sai da na ji kamar in gaishe shi. An ce kifayen tekun nan sun haura iri 1,000, kuma da dama daga cikinsu ba a samun su a wani wuri a duniya.

Murjanin ne ya fi tsaya mini. Mu mun san shi a wuyan iyayenmu mata da kayan lefe, jan dutse mai tsada da ake gādo, mun kuma san sunansa a Suratur Rahman. Ashe dabba ce. Ƙananan halittu ne, da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba, kowace tana gina wa kanta ɗaki na farar ƙasa, 'ya'ya su gina a kan na iyaye. Dunƙulallun irin ba sa ƙaruwa da fiye da kimanin santimita ɗaya a shekara, ka ga ke nan dunƙulen da ya kai tsayin mutum ya girmi kakan kakana. Jan da matanmu ke sawa wani iri ne daban, daga Bahar Rum fatake suka riƙa tsallako da shi ta Sahara. Na Bahar Maliya ba a taɓa shi, ba a ɗauka, ko ɓallin da ya faɗi ƙasa; doka ta hana, kuma ana kama mutane da shi a filin jirgi. Taɓawar ma ba ta da daɗi, akwai wanda ake kira murjanin wuta, yana ƙuna kamar ƙaiƙayi, akwai kuma kifin da ke kwanciya kamar dutse da dafi a ƙayarsa.

A mita 12 na waiga na ga ɗana a gefena, ya haɗa yatsu yana tambayata ko lafiya. A ƙa'idar nutso kowa da abokinsa, kai ne za ka duba masa kayansa kafin a shiga, shi ne zai ba ka iskarsa in taka ta yanke. Shi ya riƙa duba agogon tukunyata, don dattijo ya fi yaro shan iska: mukan shiga da 200, dole a fito da saura 50, kuma kullum ni nake riga shi kaiwa. A mita 5 ake tsayawa minti uku kafin a fito, muna rataye a ruwa muna kallon juna ba bakin magana. Hajiya da 'yarta kuwa a sama suke, da rigar da ke hana nutsewa da gilashi da bututun numfashi, suna riƙe da taya malamar tana jan su. Kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba, kuma gaskiya launin ya fi kyau a sama, domin ja yana fara dushewa tun daga mita 5. Wanda likita ya hana shi tukunya, ko tsoro ya hana shi, bai yi asarar zuwa ba.

Akwai wuraren da sabon shiga ba ya zuwa, amma labarinsu na 'yan kasuwa ne. Arewa da Hurgada akwai wani tudun murjani mai suna Abu Nuhas, daf da hanyar jiragen da ke fitowa daga mashigin Suwez. Jirage huɗu sanannu ke kwance a gindinsa, kuma masu nutso da kayan da suka ɗauko suke kiransu: jirgin katako, wanda ya nutse a 1983 a hanyarsa ta zuwa Jidda, jirgin tayil na 1981, har yau tayil ɗin Italiya na jere a cikinsa, jirgin wake na adas na 1978, da Carnatic na 1869, wanda ya ɗauko zinariya. Can gaba kuma akwai Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka jefa wa bam a 1941, yana kwance a mita 30 da babura da manyan motoci da takalman soja a cikinsa. Duk wanda ya taɓa kwana bai yi barci ba saboda kayansa na kan ruwa ya san abin da masu waɗannan kayan suka ji. Ɗaya ne na ce ko an kai ni kyauta ba zan shiga ba: Salem Express, kusa da Safaga, wanda ya bugi murjani a Disambar 1991 yana dawowa daga Jidda da fasinjoji, cikinsu har da masu dawowa daga Umara, sama da mutum 400 suka rasu. Wasu suna nutso a can. A wurina maƙabarta ce, addu'a ta ishe su.

Bayan kwanan hutun muka kama hanyar Luksor, wajen awa huɗu: ka bi gaɓa zuwa Safaga, ka juya yamma ka ratsa duwatsu tsirara ba ko ciyawa, sai kawai ka faɗo Ƙena ka ga kore shar da rake da dabino, Nilu ya karɓe ka. Haikalin Karnak da ginshiƙansa 134 da Kwarin Sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922, kowa zai ba ka labarinsu, kuma sun cancanta, a dai je da sassafe kafin rana ta buɗe. Masallacin Abul Hajjaj yana zaune a kan haikalin Luksor, ana salla a cikinsa har yau, mun yi Magariba a can.

Inda na fi daɗewa shi ne haikalin sarauniya Hatshepsut a yammacin kogin. A hawa na tsakiya, ɓangaren hagu in kana hawa, an sassaƙa labarin ayarin fatauci da ta aika ta Bahar Maliya zuwa ƙasar Punt kusan shekara 3,500 da suka wuce. Ga jirage biyar, ga 'yan dako suna hawa da buhuna, ga itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna, ga hauren giwa da baƙin katako da birai a kan kaya, can kuma ana aunawa a sikeli magatakarda yana rubutawa. Na tsaya ina kallon sana'ata a bango. A ƙarƙashin jiragen an ja layin ruwa, an zana halittun da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da kyau har masana suna iya gane irinsu. Zanen ya koɗe, sai an matsa an ƙura ido. 'Yata ce ta fara nunawa: "Baba, ga mai faɗin nan mai dogon wutsiya da muka gani kwance a yashi!" Ayarin Turawan da ke gabanmu sun wuce wurin cikin minti biyu, mu muka yi kusan rabin awa muna gardamar wane ne wane. Da mun fara zuwa nan kafin teku, da kifi kawai za mu gani mu wuce. Kudu da Safaga kaɗan, a Marsa Gawasis, masu tono sun samo igiyoyin jirgi da katakai da akwatunan kaya a cikin koguna, na tafiye-tafiyen Punt da suka riga nata da ɗaruruwan shekaru. A gefen Nilu ake ƙera jiragen, a wargaza su, a ɗauko su guntu-guntu a ratsa hamadar nan da muka tsallaka cikin sanyin mota, a sake haɗa su a bakin teku.

Jirgin ƙasa na dare yana cin kimanin awa 10 zuwa Alƙahira, kuma baƙo farashinsa daban da na ɗan ƙasa, a sayi tikitin da wuri. Kwana ukun ƙarshe mun raba su: yini guda a Giza, dala da safe, sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025 da rana, can aka tattara kayan Tutankhamun sama da 5,000. Yini guda a Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 22 a 2021. Mutanenmu suna shiga suna tambayar wanne ne Fir'aunan Annabi Musa. Wasu na cewa Ramsis na biyu, wasu ɗansa, masana dai ba su haɗu a kan ɗaya ba, kuma masu gadin ba sa son hayaniya a ɗakin. Daga nan ɗan ƙanena ya kai mu Azhar, masallacin da ya haura shekara dubu, ya ba yaran labarin ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Barno tun zamanin da.

Yinin ƙarshe na Hajiya ne, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Ta shiga Muski da safe da jakunkuna huɗu wayam, muka fito bayan Isha ana rokon zip ya rufu. A masauki, muna auna su da ɗan sikelin hannu, yaron ya buɗe littafin da ake rubuta nutso a ciki ya ƙirga namu, shida-shida, kowanne da hatimin malami. Shaidar ba ta ƙarewa, sai dai in an jima ba a shiga ba a yi bita ta rabin yini. Ya ce in muka ƙara kwas na biyu, mai kai mutum mita 30, za a bar mu mu ga baburan Thistlegorm. Na ce masa to, amma wannan karon tikitinsa daga aljihunsa zai fito.